Ranar da Turmi Ya Yi Shiru

A Sabon Birni an yi wani ɗan kasuwa mai suna Is'haƙa, wanda yake ɗaukar kaya a babur ta hanyar Burkusuma zuwa kasuwannin Nijar. Mutum ne mai neman na kansa, kuma yana son mahaifiyarsa kamar ransa. Aibinsa ɗaya ne, amma ɗayan ya isa. Is'haƙa ba ya yafiya. In ka taka shi bisa kuskure a masallaci, zai bi ka har kasuwa ya taka ka da gangan, sannan ya ƙara maka ɗaya. Shi a wurinsa wannan ne ake kira kare mutunci.

Yana haya a ƙasan wani bene na Alhaji Illo da ke bayan kasuwa, shi da matarsa Jamilatu mai tsohon ciki, da mahaifiyarsa Inna Larai. Tsohuwar daga Gatawa ya ɗauko ta, bayan 'yan bindiga sun shiga garin ta yi kwana biyu a ɓoye cikin gero. Tun daga lokacin hankalinta bai koma daidai ba. Takan farka da safe a firgice, ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta nufi ƙofa. Sau uku ana tare ta a bakin titi.

Ana nan sai aka sa sababbin 'yan haya a ɗakin da ke daidai saman nasu, Malami da matarsa Basira da jaririyarsu, mutanen Kurawa. Sana'ar Basira dakan dawo. Takan daka gero ta cura, matan Fulani su zo su ɗauka su haɗa da nononsu. Tsakar gidan ƙasa cike yake da babura da maza masu shiga da fita, don haka a barandarta take daka, da zarar an idar da sallar asuba. Dakanta kuwa na ƙauye ne sosai. Takan jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe.

Abin mamaki, tun ranar da turmin nan ya fara, Inna Larai ta daina nufar ƙofa. Da ta ji shi sai ta kwance ƙullinta ta ɗauki carbi. Jamilatu ta tambaye ta dalili, tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, in kin ji daka, gari na lahiya. Ranar da sunka shigo muna, ko turmi guda bai yi magana ba."

Is'haƙa kuwa lokacin dakan nan ne lokacin barcinsa. Yakan dawo daga hanya jiki duk ya mutu, ya yi asuba ya koma shimfiɗa, sai ya ji dum, dum, dum a tsakiyar kansa. Gaskiya abin da ciwo, kuma ba wanda zai ce ba shi da hakkin magana. Sai dai da ya tashi yin maganar, bai yi sallama ba. Ya hau bene ya daki ƙofa da ƙafa.

"Kai Malami, nan ba Kurawa ba ne. Kun hana ni kwana. In daka kuke so, ku koma ƙauyenku."

Malami ya fito yana gyara hula. "Yi hanƙuri, maƙwabci. Wallahi ba mu san shina kai maka haka ba. Da shi muke ci, amma za mu gyara."

Suka kuwa gyara iyakar iyawarsu. Basira ta shimfiɗa buhu uku da tsohuwar tayar babur a ƙarƙashin turmin, ƙara ta ragu ƙwarai. Amma ba ta mutu ba, kuma Is'haƙa mutuwarta yake so. Da wani mai gyaran babur a gidan ya tsokane shi cewa an ce mace ta fi ƙarfinsa da taɓarya, aka yi dariya, shi ke nan magana ta tashi daga barci ta koma ramuwa.

Ya ari wata ƙatuwar sifika a wurin masu kiɗan biki, ya ɗaure ta a saman ɗakinsa tana kallon sama. Ya lura cewa bayan azahar ne jaririyar Basira take barci, ita ma uwar take samun miƙe baya. Daidai wannan lokacin yake tayar da janareta a ƙarƙashin tagarsu, ya ƙure kiɗa har kwanuka na rawa. Jaririya ta yi ta tsala kuka, shi kuwa yana kwance yana kaɗa ƙafa. Da ya ga sun yi shiru ba su tanka ba, sai haushi ya ƙara kama shi, domin mai ramuwa ba abin da ya tsana kamar a ƙi kula shi. Ya koma zuba busasshen barkono a garwashi yana ajiyewa inda hayaƙin zai hau barandarsu. Basira ta yi ta daka tana tari, idanu jajir, da goyo a bayanta.

Jamilatu ta kasa haƙuri. "Maigida, ka ji tsoron Allah. Mutanen ga sun ba ka hanƙuri. Kuma dakan ga da kake yaƙi da shi, shi ne ke riƙe da Inna cikin gidan ga. Ni ka ga halin da nike ciki, likita ya hana ni ɗaga taɓarya."

"Uwata ni ke riƙe da ita, ba turmin wata ba," in ji shi. "Ki sa ido. Za ni nuna musu ko ni wane ne."

Daga nan ya yi abin da ko a cikin masu ramuwa sai ƙwararru. Ya samo doguwar ƙusa da guduma, ya hau kan tebur, ya ƙwarzane simintin saman ɗakinsa ya yi wata doguwar tsaga daga kusurwa zuwa tsakiya. Ya shafa mata toka don ta yi kamar ta kwana biyu. Sannan ya je ya kira mai gida.

Alhaji Illo mutum ne da ya zuba duk abin da ya mallaka a benen nan. Ya ɗaga kai ya ga tsagar. Is'haƙa ya marairaice ya ce, "Alhaji, dakan Basira ne ya yi wanga aiki. Ni ba don kaina ba. Wata rana gidan ga bisa kanmu zai hwaɗo." Aka kira Malami, ya rantse, ya roƙa, ya ce a kira magini ya duba. Alhaji bai saurara ba. Ya ba su kwana bakwai su tashi.

Ranar Alhamis da la'asar suka ɗora kayansu a mota za su garin Isa, wurin wani ɗan'uwan Malami. Basira ta shigo ta durƙusa ta yi wa Inna Larai sallama. Sannan ta mirgino turminta ta ajiye a ƙofar Jamilatu ta ce, "Yaya, na bar miki shi. Ko wata kika samu, a riƙa buga shi da swahe saboda Inna. Kar gari ya waye mata shiru." Malami bai ce wa Is'haƙa komai ba sai, "Allah shi isa tsakaninmu."

Motar ba ta gama ɓacewa ba Is'haƙa ya ɗauko gatari. Ya faskara turmin gida huɗu a gaban mutane, ya ce a dafa masa tuwo da shi. Ya ci tuwon kuwa har da neman ƙari.

Washegari ya yi asuba ya koma shimfiɗa, ya yi barcin da ya daɗe yana mafarkinsa. Jamilatu ta leƙa ta ga tsohuwa a kwance, ta tafi famfon bayan gida tarar ruwa. A nan ne Inna Larai ta buɗe ido. Ta kasa kunne. Unguwa ce ta masu kai niƙa inji, ba mai daka. Ta jira, ta ƙara jira, ba ta ji komai ba. Ba ta kira ɗanta ba, domin a ranar hari ba a ɗaga murya. Ta ɗaure ƙullinta, ta bar takalmanta don kada su yi ƙara, ta sulale ta fita.

Sai da hantsi Jamilatu ta kai mata koko ta tarar da tabarma da takalma. Ta je ta tashi mijinta.

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo, gonaki sun kewaye garin. Wata mai tallan ƙosai ta ce ta ga tsohuwa ba takalmi ta shiga gonakin gabas. Maza suka bazu suna kira, "Inna Larai, Inna Larai." Is'haƙa ya yi kira har muryarsa ta dushe. Shiru. Wani dattijo ɗan Gatawa ya ja shi gefe ya ce, "Ku daina wahal da kanku. Mu in mun ɓoye ba mu amsa suna, don 'yan bindigar ma da suna suke kira. Ko tana jin ku ba ta hitowa."

Aka yi ruwa da yamma. Aka kwana ba a gan ta ba.

Da gari ya waye Jamilatu ta ce a gwada daka. Is'haƙa ya dubi murhu inda sauran guntun turmin yake, ya kasa haɗa ido da ita. Aka aro turmi a wata unguwa aka kai bakin gona, mata biyu suka yi ta daka har hannuwansu suka yi kanta. Gero bai motsa ba. Jamilatu ta share hawaye ta ce, "Ba wanga hannu ta sani ba. Ka tahi Isa."

Wannan tafiyar ta fi duk wadda ya taɓa yi nauyi, ga shi babu kaya a babur ɗin. Ya sami Malami a ƙofar gidan ɗan'uwansa, inda aka sauke su a wani ɗaki da aka fitar da awaki daga ciki. Is'haƙa, wanda bai taɓa ba kowa haƙuri ba tun da ya yi wayo, ya zube a ƙasa. Ya faɗi komai, har ƙusar da tokar.

Malami ya gama sauraronsa. "Na san kai ne ka yi tsagar," in ji shi. "Da don kai ne, ko ƙohwa ba ni buɗe maka." Kafin ya ƙarasa, Basira ta fito da mayafi da goyo da taɓaryarta a hannu.

Da la'asar ta tsaya a bakin gonakin gabas. Ta zuba gero, ta yi bisimilla, ta fara. Dum, dum, ta jefa taɓarya ta tafa sau biyu. Mutane suka yi tsit. Ta daka ta matsa gaba, aka ɗauke mata turmi, ta sake dakawa. A wuri na uku aka ji wata siririyar murya daga cikin wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa.

"Basira? Sun tahi?"

"Sun tahi, Inna. Gari na lahiya."

Is'haƙa ne ya sauka ya ɗauko ta. Jikinta sharkaf, ƙugunta ya karye tun faɗuwar da ta yi jiya da safe. Ta ce duk ta ji kiransu, har muryarsa ta gane, amma ta ɗauka bindiga aka sa masa a ka. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu. Inna Larai ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

Alhaji Illo da ya ji gaskiya ya aika a ce wa su Malami su dawo. Suka ce sun gode, sun yafe, amma ba za su sake zama a saman Is'haƙa ba. Aka sa wani malamin makaranta a ɗakin.

Yanzu tsohuwa ba ta iya gudu, amma in gari ya waye shiru sai ta kama jan jiki tana kuka tana neman ƙofa. Jamilatu na jego. Don haka Is'haƙa ya sayi turmi. Kullum bayan asuba, lokacin da ya yi wa yaƙi, zai ja shi zuwa ƙofar ɗakin uwarsa inda za ta gan shi, ya naɗe hannun riga, ƙato da gemu, ya kama daka. Masu babura na wucewa suna sunkuyar da kai. Har tafin ya koya, amma taɓaryar takan kufce masa. Tsohuwa takan saurara ta ce, "Hannunka da nauyi, Is'haƙa. Yaushe Basira za ta dawo?" Sai ya ci gaba da daka.

A mako na biyu malamin makarantar ya sauko da ido jajir. "Haba maƙwabci, nan hwa ba ƙauye ba ne. Kun hana ni kwana."

Is'haƙa ya jingine taɓarya. Da ƙyar ya ce, "Yi hanƙuri. Don Allah zauna in gaya maka dalili." Daga cikin ɗaki tsohuwa ta fara kiran sunansa a tsorace, ya yi maza ya ɗauki taɓaryar ya ci gaba.

Darasin wannan labari a fili yake. Zaman haya zama ne na jin motsin juna, kuma wanda aka dama yana da hakkin ya yi magana. Amma ya yi ta da sallama, ya tambayi dalili, ya karɓi gyaran da aka iya yi masa. Is'haƙa ya sami haƙuri ya raina, ya sami gargaɗi daga matarsa ya toshe kunne, saboda ba sauƙi yake nema ba, so yake ya ga maƙwabcinsa a ƙasa. Ya gan shi kuwa, kuma mahaifiyarsa ce ta biya da ƙafafunta. Kafin ka tashi rama abin da maƙwabci ya yi maka, ka tsaya ka bincika, domin mai yiwuwa abin da kake ƙoƙarin kashewa shi ne yake tsare maka wanda ka fi so a duniya.