Gansakuka a Tekun Alhaji Isah

Jama'ar wannan shafi, kun taɓa raina maganar mutum saboda laka ce a ƙafarsa, daga baya kuka hau babur kuna nemansa ido rufe? To ku karanta wannan har ƙarshe.

Akwai wani matashi a Funtuwa mai suna Mannir, wanda ya karanta ilimin kifi da halittun ruwa a jami'a. Mahaifinsa, Alhaji Isah, ya yi shekara talatin yana aiki a jiragen ruwa a Ikko. Bai daɗe da dawowa gida ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Magana ta yi masa nauyi, abinci kuwa sai da lallashi.

Mannir ya lura duk lokacin da aka nuno teku a talabijin, idon tsohon yakan buɗe. Sai ya ce wa kansa, tunda Baba ba zai iya zuwa teku ba, teku zai zo ɗakin Baba.

Ya haɗa babban akwatin gilashi. Ya sa aka kawo masa gishirin teku, da duwatsu, da kifaye huɗu masu launin lemo da shuɗi, da murjani mai rai, wata halitta ce da ke manne wa dutse tana buɗewa kamar fure. Injin da ke tura ruwan ma sola ya haɗa masa, don kada ɗaukewar wuta ta yi masa tsiya.

Ranar da aka kunna fitilar akwatin, Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna. Tun daga nan a gaban gilashin yake shan kununsa, kuma tas yake shanyewa.

Bayan wata uku sai gansakuka ta fara tsirowa a kan duwatsun, kore shar kamar gashi. Mannir ya kankare, bayan kwana uku ta dawo. Ya rage wa kifayen abinci, ta dawo. Ya riƙa canja ruwa akai-akai, sai ma ta ƙara yawa.

Ana cikin haka Malam Bature ya zo dubiya. Abokin Alhaji ne tun suna yara, manomin rani ne a wajen Danja. Ya ajiye kwandon tumatir a bakin ƙofa ya shigo.

"Ɗan teku, kana nan kwance kana cin tuwon banza?"

Alhaji ya yi murmushi da gefen bakinsa. Malam Bature ya tsuguna gaban gilashin, ya daɗe yana kallo, ya leƙa ta gefe.

"Mannir, ruwan nan naka a gaba kaɗai yake tafiya. Bayan duwatsun nan kwance yake."

Mannir ya yi dariya. "Haba Baba Bature! Wannan fa ba fadamar tumatir ba ce. Ruwan teku ne, da lissafinsa. Shekara biyar na yi ina karanta shi."

"To, Allah ya ba da sa'a, Malam Farfesa," in ji tsohon.

Cikin mako biyu gansakuka ta lulluɓe murjanin. Ɗaya daga cikinsu ya ƙanƙance ya fara yin fari. Gilashin ya yi duhu har kifayen ba sa ganuwa sosai. Alhaji ya juya fuskarsa bango.

Wata safiya Gwaggo, ƙanwar Alhaji da ke jinyarsa, ta fito da kofin kunu cike ta miƙa wa Mannir ƙasan hanci.

"Ka gani? Yau kwana uku, cokali biyu yake sha ya rufe baki. Ko ka gyara masa abin nan, ko ka fitar da shi. Mara lafiya ba ya kwana yana kallon abin da ke mutuwa."

Mannir bai ko karya ba ya hau babur sai Danja.

Ya tarar da Malam Bature tsaye cikin ruwa da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Mannir ya durƙusa ya fara kame-kamen ban haƙuri. Tsohon ya katse shi.

"Bar wannan. Yaya abokina?"

"Ya daina cin abinci, Baba."

"To tuɓe takalmin ka shigo."

Ya ɗebo ƙaiƙayi a hannu ya watsa a kan magudanar. "Bi shi da ido." Ƙaiƙayin ya yi ta gudu, har ya iso wani lungu bayan tudun ƙasa, ya taru ya tsaya cak. A nan ne kaɗai gansakuka ta yi kore.

"Ruwa ɗaya ne fa," in ji Malam Bature. "Inda ya tsaya, nan datti ke kwanciya, nan take samun abinci."

Daga nan ya kai shi ƙarshen gona, inda ragowar ruwan ke taruwa. Wurin ya yi kore kamar an shimfiɗa darduma.

"Wannan kuma me ya ciyar da ita?"

"Takin zamanin da ruwa ya wanko," in ji Mannir.

"Madalla. Kai da wane ruwa kake haɗa tekunka?"

"Na rijiyar gidanmu."

"Wadda ke jikin gonar masarar maƙwabcinku Maiwada? Gonar da ake ɗura wa taki duk damina?"

Nan take Mannir ya gane. Ya rubuta wannan a jarrabawa, har ya ci maki mai kyau, amma bai taɓa kallon rijiyarsu da wannan idon ba. Ashe duk canjin ruwan da yake yi, tuwo yake kai wa gansakukar.

Tare suka dawo Funtuwa, tsohon a bayan babur yana yi masa faɗan gudu.

A maimakon ƙaiƙayi, Mannir ya barbaɗa ɗan abincin kifi, suka zuba ido. Ya yi ta yawo a gaba, sannan ya sulale bayan duwatsun ya kwanta. Dama Mannir ya karkata bakin injin gaba ne don Baba ya riƙa ganin murjanin yana rausaya, duwatsun kuma ya jingina su da gilashin baya don su yi kyau.

Suka janyo duwatsun suka bar wa ruwa hanya. Suka juya bakin injin, Mannir ya ƙara wani ƙarami a ɗaya ɓangaren. Suka tsige gansakukar da hannu. Mannir ya daina taɓa rijiya, ya koma sayo ruwan da aka tace da inji, sai ya gwada shi kafin ya zuba gishiri.

"Kuma kada ka canja shi duka rana ɗaya," in ji Malam Bature. "Ni ko dashe na yi, a hankali nake ba shi ruwa."

Ba a kwana biyu abin ya gyaru ba. Murjanin da ya yi fari ya mutu. Amma duk Juma'a Malam Bature sai ya zo, ya tsuguna, ya leƙa ta gefe, ya zolayi abokinsa ya tafi.

A mako na shida ruwan ya yi garau. Sauran murjanin suka buɗe, kifayen na wucewa ta bayan duwatsu suna ɓullowa. Alhaji ya daɗe yana kallo. Can sai bakinsa ya motsa.

"Ba...ture."

"Na'am, ɗan teku."

"Ka... iya... ruwa."

Malam Bature ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Jama'a ku shaida! Shekara arba'in ina jiran mutumin nan ya yarda!"

Gwaggo ta miƙo kunu. Alhaji ya shanye, ya ɗaga kofin yana neman ƙari. Mannir ya ɗauko hular ya kaɗe ta, ya durƙusa ya miƙa wa tsohon da hannu biyu, yana cewa, "Na gode, Baba. Na gode."

Darasi: Takardar makaranta alheri ce, amma ba ta hana ka sauraron wanda ya tsufa yana aikin da hannunsa. Kuma idan wanda ya raina ka ya dawo da buƙata, ka taimake shi ba tare da gori ba, kamar yadda Malam Bature ya yi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan karatunku wannan labari, sannan yau ɗin nan ku kira wani dattijon da ya taɓa nuna muku hanya ku ce masa kun gode.