Gidan Sauron da Marigayi Ya Yanka

Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata tankin gilashi a falo, cike da ruwan gishiri da murjani mai rai. Eh, murjani yana da rai. A gindin teku yake tsirowa kamar ƙananan rassa, kuma da haske yake rayuwa. Shekara tara marigayin yana lallaɓa su.

Tun ranar rasuwar ba ta yi kuka ba. Ta kunna fitilar tanki da safe, ta kashe da yamma, ta wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya. Ko ita ba ta san me take ji ba.

Rannan tsohuwar fitilar ta mutu. Ƙanin mijinta, mai aikin lantarki da ake kira Injiniya, ya kawo sabuwa mai ƙarfin gaske, ya ɗaura, ya ƙure ta.

"Anya bai yi yawa ba?" in ji ta.

"Haba matar Yaya! Shekara nawa ina wannan aiki? Haske ai haske ne. Ke ma ki buɗe labulen nan, zaman duhun ya isa."

Ba ta ja da shi ba. Ba ta da ƙarfin gardama.

Kwana biyar, murjanin ya fara koɗewa. Kafin sati biyu, na sama duk sun yi fari fat. Ta tsaya tana kallonsu, zuciyarta shiru, ko ɗar.

Tana neman tsumma a durowar da ke ƙarƙashin tankin sai ta ci karo da yanki uku na gidan sauro, an yanka su daidai bakin tanki. A nan ta tuna. Lokacin da tsohuwar fitilar take sabuwa, marigayin ya yanka gidan sauronsu, har ta yi masa faɗa kwana biyu. Shi kuwa dariya ya yi ta yi, ya ce, "Wanda ya saba da inuwa, a hankali ake fito da shi rana."

Ta shimfiɗa su ukun a bakin tankin, ƙarƙashin fitilar, don su rage ƙarfin hasken, kamar yadda ta ga ya yi. Duk sati ta ɗage ɗaya.

Injiniya ya zo ya ga ɓarnar. Ya tsuguna gaban tankin ya ce, "Ni na kashe wa Yaya su. Ki yafe mini."

"Ba ka sani ba ne," ta ce, ba fushi ba fara'a.

Na sama dai ba su dawo ba. Amma ranar da ta ɗage yankin ƙarshe, ta hango wani ɗan reshe a gindin dutse ya dawo da launinsa, yana motsi cikin ruwa. Ta juya da sauri don ta kira maigidan ya zo ya gani. Sai ta ga kujerarsa ba kowa.

A nan kukan ya zo, bayan wata huɗu da rasuwar.

Darasi: Alheri ma in ya zo da gaggawa yakan yi ɓarna. Kada ka ce wa mai baƙin ciki "ya isa haka". Bi shi sannu, ka bar masa inuwarsa har ya shirya. Ku tura wa wanda ke da irin wannan mutum a gidansa.