Oba-obar Kwanar Mahauci

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke maƙale a duwatsun Tirol, sunanta Vroni Haslwanter. In dai tseren gangarowa daga kan dutse ne a kan dusar ƙanƙara, to a zamaninta ba a haɗa ta da kowa. Sau uku tana ɗaukar kofin gilashi na gwarzuwar shekara. Duk ranar da za ta yi tsere, rabin ƙauyen kan rufe shago su bi ta da ƙararrawar shanunsu, su cika gindin dutse da kaɗe-kaɗe.

A ƙauyen akwai wata yarinya, Resi, 'yar mai gasa burodi. Vroni ta girme ta da shekara tara. Ita ta ba ta katakon zamiya na farko mai kyau, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa, ita ta kai ta gaban kocin ƙungiyar ƙasa, wani dattijo mai suna Luis, ta ce, "Ka duba mini ƙanwata." Da Resi ta shiga ƙungiya, ɗaki ɗaya suke kwana a duk garin da aka je. Resi ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Yaya".

To, 'yan tseren nan suna da wata al'ada. Ɗaya bayan ɗaya ake gangarowa. Wadda ta riga ta isa ƙasa, tun numfashinta bai dawo ba, sai ta karɓi oba-oba ta gaya wa 'yan ƙungiyarta da ke jira a sama yadda hanya take: ina ƙanƙara ta daskare, ina ta yi laushi, ina za a saki jiki, ina za a kama kai. Mutum yana gudu kamar mota a kan babban titi, ba shi da komai sai hular kwano, don haka maganar oba-oba ba abin wasa ba ce. Ana iya kishi a kan komai, amma ban da wannan.

Vroni ce ta koya wa Resi haka. Ta ce mata, "Ko da wadda ke sama ta ƙwace miki miji ne, in kin ɗauki oba-oba ki faɗa mata gaskiya. Kin ji ko?"

Resi ta yi dariya ta ce, "Na ji, Yaya. Amma mijin zan karɓo daga baya."

Shekarar da Vroni ta cika talatin da uku ta ce daga wannan ta yi ritaya. Kofi na huɗu take so ta rufe da shi. Sai ga shi an zo tseren ƙarshe, kuma babu mai bin ta a maki sai Resi. In Vroni ta isa ƙasa cikin biyar na farko, kofi nata ne. In ba ta isa ba, na Resi ne.

A hanyar wannan dutse akwai wata kwana da ake kira Kwanar Mahauci, kuma ba a banza ta sami sunan ba. Resi ce ta bakwai a jerin tashi, Vroni ta goma sha biyar.

Vroni na sama tana ɗumama jiki, sai muryar Luis ta shigo oba-oba daga inda yake tsaye a gefen hanya. "Vroni, kwanar nan ba ta yi mini ba. Inuwa ta rufe ta. Ki ɗan taka a hankali."

Jim kaɗan sai ga muryar Resi daga ƙasa, tana haki. "Yaya! Hanya lafiya lau. Kwanar Mahauci tana riƙe ƙafa sosai. Kada ki rage komai, ki shige ta kai tsaye."

Vroni ta yi murmushi, ta ce wa mai gyara mata katako, "Luis tsufa ya fara kama shi. Wanda ya bi hanya da ƙafarsa ya fi na tsaye a gefe sani."

Ta shiga kwanar da duk ƙarfinta. Wurin ya daskare kamar gilashi. Katakon ya kufce, ta tashi sama, ta faɗa cikin ragar gefen hanya. Ƙararrawar shanu ta yi tsit. Jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke ta, gwiwar dama a ragargaje.

Resi ta ɗauki kofi. Washegari ta zo asibiti da furanni da burodin babanta, tana kuka har da shessheƙa. Vroni, baiwar Allah, ita ce ma ke rarrashinta. "Haba ƙanwata, kofi dai bai bar ƙauyenmu ba. Share hawayenki."

Sai bayan mako biyu, tana kwance an ɗaure ƙafa, ta ce a kawo mata faifan bidiyon tseren. Ba faɗuwarta take son gani ba, gudun ƙanwarta take son ta kalla ta ji daɗi.

Ta ga Resi ta doso Kwanar Mahauci. Ta ga ƙafarta ta zame, hannunta ya dafa ƙasa, da ƙyar ta miƙe. Ta ga ta isa ƙasa, an miƙa mata oba-oba. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon allon maki, sannan ta kai oba-obar bakinta.

Vroni ta mayar da wurin baya sau biyar. Ciwon gwiwa ya zama ba komai ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kalmar nan "Yaya" da aka fara ƙaryar da ita.

Da Resi ta sake zuwa, Vroni ta juya mata allon bidiyon. Resi ta kalla, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Lokacin da na bi, ni dai ban ji ta da santsi ba."

"Da hannunki a ƙasa?"

"Kuskurena ne na taka, ba hanyar ba ce."

"To, madalla. Ɗauki furanninki, ɗakin ya yi mini ƙanƙanta."

Vroni ba ta gaya wa 'yan jarida ba, ba ta gaya wa ƙauye ba. Ba don ta yafe ba, kada ku ɗauka waliyiya ce. Shekara guda tana koyon tafiya da sanda, kuma duk matakalar da ta hau sai ta tuna muryar nan. A coci ma, in Resi ta zauna dama, ita hagu take komawa.

Bayan shekara biyu Luis ya yi ritaya, ƙungiya ta ɗauki Vroni cikin masu horarwa. Aikinta ta tsaya a gefen hanya da oba-oba. Kuma kamar da gangan, da aka koma wancan dutse a tseren ƙarshe na shekara, sai aka ajiye ta a Kwanar Mahauci. Resi kuwa tana sama, kofi na biyu take nema, ita ma in ta isa ƙasa cikin biyar na farko shi ke nan.

'Yan tsere goma suka wuce. Vroni ta lura katakonsu ya kankare dusar da ke kwanar, ƙanƙara mai sheƙi ta fito, daidai inda ta bar gwiwarta. Ta ɗaga oba-oba.

Ba sai ta yi ƙarya ba ma. Shiru kawai za ta yi, babu wanda zai tuhume ta. Zuciyarta ta ce mata, bar ta ta ɗanɗana. Gwiwar ma ta hau zogi kamar tana goyon baya.

Ta danna maɓalli. "Resi, Vroni ce. Kwanar Mahauci ta daskare. Ki zagayo ta ta sama, ki rage gudu kafin tuta ta biyu. Za ki yi asarar kaɗan, amma za ki isa. Kin ji ni?"

Ta sake danna maɓallin.

"Resi, na ce kin ji ni?"

"Na ji," in ji Resi, a taƙaice.

Amma a can sama Resi ta juya ta ce wa mai gyara mata katako, "Ka ji ta ko? So take in yi tafiyar kunkuru in rasa kofi. Shekara biyu tana jiran wannan rana. Ni za a yi wa wayo?" Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ta shigo kwanar kai tsaye, ba ta rage komai ba. Vroni na kallo ƙafar ta kufce, ta yi ta mirginawa har cikin raga, taku ashirin daga inda Vroni take tsaye.

Vroni ta ɗingisa ta isa gare ta kafin masu agaji. Kafaɗar Resi ta goce, fuskarta duk jini, kofi ya tafi. Vroni ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa da kyau, ta tallafe mata kai.

"Kada ki motsa. Me ya hana ki jin maganata?"

Resi ta fashe da kuka. "Na ɗauka ramawa za ki yi, Yaya."

Vroni ta share mata jinin fuska. Ita ma idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi laushi ba.

"Sau ɗaya aka taɓa yin ƙarya a oba-obar nan, Resi, kuma ba ni na yi ta ba. Ni ta karya mini ƙafa tun ranar. Ke sai yau ta iso ki."

Darasi: Wanda ya ci amana ba yardar mutane kaɗai yake rasawa ba, shi ma ba ya ƙara iya yarda da kowa, ko da gaskiyar da za ta cece shi aka gaya masa. Kai kuma da aka cuta, kada muguntar wani ta canza maka hali, faɗi gaskiyarka ka bar shi da abin da ya shuka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da oba-obar wani a hannunsa yanzu haka.