Wai Bakinsa Ne Ya Karya Kamfanin

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da masaƙu ke da rai. Malam Sabi'u ake ce masa. Sana'arsa karanta rahoton kamfanoni. Ya duba cinikinsu da ribarsu da bashin da ke wuyansu, ya bi farashin hannun jarinsu, sannan ya ce wa mutane ga na saye, ga na rabuwa da shi. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa ce ta ɗauke shi aiki, mutanen da suka zuba kuɗin sallamarsu a hannun jari. Da ɗan abin da suke biyansa yake ciyar da iyalinsa, ba shi da gona, ba shi da shago.

To ku saurara. Akwai wani kamfanin man gyaɗa da yawancinsu suka sa kuɗi a ciki. Duk shekara yakan kira taron masu hannun jari, a ci shinkafa da kaza, a sallami kowa da galan ɗin mai. Da galan ɗin nan tsofaffin ke auna lafiyar kamfani. A shekarar da nake ba ku labari, galan bibbiyu aka raba, har da turmin atamfa. Sai murna, kowa na cewa bari ya ƙara saye.

Shi kuwa Malam Sabi'u ya zauna ya karanta rahoton da aka raba tare da kazar, wanda wasu suka goge maiƙon hannu da shi. Abin ba a ɓoye yake ba. Kamfani ya sayar da motocinsa, ya sayar da ɗakin ajiyar gyaɗa, ya haɗa kuɗin ya kira shi riba. Mutum ne ya sayar da saniyarsa, yana shelar nono ya yi albarka.

Ya ɗauki kekensa ya tafi gidan shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗanlami, ya zayyana masa komai. Alhaji ya yi ta sosa gemu. Ashe kamfanin ya riga ya ba shi kujerar Makka, kuma kun sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ya ce, "Malam, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Ran taronmu ka ce kana kan dubawa, shi ke nan."

Malam Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na gama dubawa."

"To ka yi shiru. Kana da yara fa."

Kun ji. Kana da yara fa. Wallahi na tsani maganar nan, da ita ake ɗaure bakin mutanen kirki. Su tsofaffin da za a cinye ba su da yara ne?

Malam Sabi'u ya koma gida, ya san da hanyar abincinsa ake masa barazana. Amma ran taro da aka ce ya yi bayani, ya miƙe ya ce, "Iyayena, amana kuka ba ni. Kamfanin nan jikinsa yake yanka yana ciyar da ku. Kada ku ƙara saye. Mai iya sayarwa ya sayar tun farashi bai faɗi ba. Gobe ta Allah ce, amma abin da na gani ke nan."

Ɗaki ya kaure da surutu. Wani ya ce hassada ce. Wani ya ce wani kamfani ne ya saye shi. Alhaji Ɗanlami ya ce ƙungiya ba ta bukatar mai baƙin baki. A wurin aka sallame shi, ko na gode ba wanda ya ce.

Ba a jima ba farashi ya faɗi warwas, injin kamfanin ya tsaya, aka garƙame ƙofa. Za ku ce sai suka je ba shi haƙuri ko? Ina! Cewa suka yi bakinsa ne ya karya kamfanin. Da bai faɗa ba, wai da yana nan lafiya. Jama'a, ku ji zalunci. Waɗanda suka sayar da motoci suka bar gari ba a zage su ba, sai wanda ya faɗa. In Malam Sabi'u ya yi sallama a majalisa, a amsa ciki-ciki. Mutumin da ke karanta rahoton kamfanoni ya koma koyar da yara lissafi a zaure don ya samu na cefane.

Wata rana sai ga Gwaggo Lantana, tsohuwar da ta fi kowa yaɗa zancen bakinsa a unguwa, ta zo da takardun hannun jarinta a ƙulle cikin ɗankwali. Ta kasa haɗa ido da shi.

Ta ce, "Ɗan nan, duba mini, akwai abin da ya saura?"

Da ni ne, Allah Ya yafe mini, da ta ji magana. Shi tabarma ya shimfiɗa mata. Ya duba ya ce, "Gwaggo, na man gyaɗa ya tafi, ba zan ruɗe ki ba. Amma wannan na siminti yana da rai. Ki riƙe shi, kada kowa ya saye shi a hannunki da araha."

Ta miƙa masa ɗan canji, ya ƙi karɓa. Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, yana duba musu. Amma aikin ba a mayar masa ba, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya tashi a gaban jama'a ya wanke shi.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda aka ba amanar sani, shirunsa cin amana ne, ko da bai furta ƙarya ba. Kai da ke duba wa mutane inda za su sa guminsu, faɗi abin da ka gani, arziki ba a hannun shugaban ƙungiya yake ba. Ku kuma masu tambaya, ku daina jifan wanda ya nuna muku rami. A nan wurin akwai wanda ya taɓa gaya maka gaskiya ka ƙaurace masa, daga baya maganarsa ta tabbata. Ka san shi, ka san gidansa. Ka je ka nemi gafararsa tun yana iya amsa maka sallama.