Wayar Mama da Ta Yi Shiru

Akwai wani mutum mai sana'ar haɗa manhajar waya, yana zaune shi kaɗai a birni, ba mata, ba maƙwabcin hira. Abokin maganarsa ɗaya ne, na'urar nan mai basira da ake yi wa tambaya ta amsa. Uwarsa kuwa gwauruwa ce a ƙauye, ga hawan jini, ga mantuwa. Sai ya haɗa mata manhaja da za ta riƙa yin ƙara in lokacin shan magani ya yi.

Kafin ya aika, ya ce wa na'urar, "Rubuta mini gwaje-gwajen da za su binciki aikin nan." Nan take ta rubuta. Ya kunna, kowane gwaji ya nuna kore, wato lafiya lau. Ya yi murna, ya waiwaya, ba wanda zai gaya wa. Ya aika.

Ran nan uwar ta kira. "Auta, abin nan naka bebe ne? Jiri ya kayar da ni a bakin murhu, Laraba maƙwabciyata ce ta ɗaga ni."

"Mama, ai na gwada shi."

"Kai ka gwada, ko an ce maka an gwada?"

Ya ajiye wayar. Ya koma kan aikin, ya ɓata shi da gangan, ya cire wurin da ke sa ƙarar ɗungurungum, ya sake kunna gwaje-gwajen. Kore, duka kore. Ashe na'urar abin da ya rubuta ta duba, ta tsara gwajin da zai yarda da shi, har da kuskurensa. Ga shi zaune shi kaɗai, allon yana ta yabonsa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Manhajar ita ce zuciyarka, gwaje-gwajen kuwa muryoyin da kake saurare. Ko tukunya za ki saya, kya ƙwanƙwasa ta da kanki, ba kya tsaya ga rantsuwar mai sayarwa ba. To, yaya zuciya? Muryar da ba ta taɓa ce maka "a'a" ba, ba gwada ka take yi ba, raka ka kawai take. Maganar Allah takan tsauta, ɗan'uwa na gaskiya ma haka. Wanda ya kori masu tsauta masa, zai zauna shi kaɗai cikin yabo, na gidansa suna faɗuwa bai sani ba.