Randa ta Biyar

A zamanin da, tun fatake ba su fasa hanya ta dajin arewa ba, wani maharbi mai suna Jatau ya jawo gida goma sha biyu da fari ya koro, ya sauke su a gindin wani tsauni. Nama akwai, ƙasar noma akwai, sai dai ruwa. Da kaka ta wuce rafi kan ƙafe, mata su yi tafiyar wuni guda saboda tulu ɗaya.

Cikin ayarin akwai Gwamma maginiya. 'Ya'ya tara ta haifa, ƙasa ta karɓe takwas, saura Kyauta, wadda a lokacin take da ƙaramin ciki. Gwamma ce ta gano yumɓu a bayan tsaunin, ta ce tunda ruwa ya ƙi zama a ƙasa, ita za ta gina masa ɗaki.

Randunanta sun fi ƙato tsawo. Takan kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ta murza shi kamar igiya mai kauri, ta riƙa ɗorawa tana zagaya randar da baya da baya. Kyauta tana ciki, ta tokare bango da dutse mai sulɓi, uwar na bugawa ta waje. In an tashi, sai a jawo ta da igiya ta reshen tsamiya. Duk kamu ɗaya da aka ɗora, sai ya sha iskar kwana uku kafin a ƙara wani. An ce Gwamma kan ƙwanƙwasa bango, yumɓu ya amsa mata ko ya shirya. Shi ya sa ake mata kirari: Gwamma mai tafiya da baya, uwar randa, mai ɗaure damina a ɗaka!

A bazara ta biyu an gasa huɗu, ta biyar ta kai ƙirji. Sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Jatau ya zo ya tsaya a kan Gwamma.

"Uwar randa, kin ga sama? Ki haɗe bakinta yau mu rufe ta da zana. In ruwa ya shiga cikinta, aikin wata biyu ya narke."

"Sarkin Baka, cikinta bai kama ba. A ba ni kwana biyu."

"Kwana biyun ki roƙa wajen hadari. Ko tsufa ne ya fara taɓa hannun?"

Mata suka ɗauka. Wata ta ce, "Wuyanmu ya ƙare a ɗaukar tulu, ke kina nan kina lallashin laka!"

Gwamma ta zagaya bayan randar, inda ba mai ganinta, ta danna babban yatsa. Yatsan ya nutse. Ta daɗe tana kallon gurbin, ga baƙin hadari, ga bakin mutane. Sai ta shafe shi da tafin hannu, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce a saukar da Kyauta cikin randar.

Daga ciki Kyauta ta ce, "Inna, bangon nan sanyi gare shi kamar cikin kwaɗo."

"Tokare dai, 'yar nan."

"To ki yi sauri, nono na zuba. In jikarki ta farka, ke za ta kama."

Kamu ɗaya ya hau, na biyu ya hau. Ana ɗora na uku cikin randar ya lotsa, bango ya kife ciki gaba ɗaya. Ba ƙara, ba ihu. Da hannu Gwamma ta yi ta tono har faratanta suka ɓare, amma kafin ta kai ga fuskar 'yarta, yumɓu ya riga ya cika hanci da baki.

Hadarin nan kuwa, iska ta watsa shi kafin la'asar. Ruwa bai sauka ba sai bayan kwana goma sha tara. Da ya sauka, randa huɗun suka cika, suka kuma ishi gari har wata damina, da saura.

Gwamma ta hana a ɗauke gawar. Ta mayar da yumɓun a kanta, ta tara itace da karmami, ta gasa tudun kwana uku da jaririya a bayanta. Tudun ya zama jan dutse. Daga ranar ba ta sake saka kowa cikin randa ba, ita ke shiga. Ba ta kuma sake amsa gaisuwar Jatau ba har ta mutu.

Dutsen yana nan, kuma da zafin bazara yakan yi gumi kamar randa, ruwa ya taru a gindinsa. Garin ana ce masa Tsaunin Jatau. Maroƙa suna cewa Jatau ne ya harbi dutse da kibiya ruwa ya fito, yara sun haddace haka, ba mai gyara musu. Kowa na ɗiba ya sha, ban da matan unguwar magina, jikokin jaririyar nan. Sukan wuce ta gabansa da tulu a ka, su tafi rafi mai nisa.