Rabin Tanar Nadine

Akwai wani maƙwabcinmu a nan bakin tafki, cikin tsaunukan Missouri, ana ce masa Orval Pruitt. Kun dai san yadda mutanenmu suke da kamun kifin bas, mai ƙaton bakin nan. To na Orval ya wuce so, ya zama ciwo.

Kwalekwalensa kamar shago: sandunan kamun kifi jere, akwatunan koton yaudarar kifi kala-kala, ga zare mai kaurin da zai janyo ɗan maraƙi. Kifi na taɓa ƙugiya zai fizga da iya ƙarfinsa, sai dai ka ga kifi a sama.

Matarsa Nadine kuwa 'yar siririyar sanda ɗaya gare ta, da zare kamar gashin kai. Tanar roba take gutsurewa biyu, ta soka rabi a 'yar ƙugiya, ta jefa, ta yi zamanta.

"Tsohuwa, wannan ai sai kifi mai ciwon haƙori," haka yake tsokanarta a gaban mutane. Ita dai sai murmushi.

Kwatsam shanyewar ɓarin jiki ta kama Orval. Ya tashi, amma hannun dama bai dawo ba, kullum rawa yake. Ya ɗauki babbar sandarsa a ƙofar gida zai gwada jifa, ta suɓuce ta faɗi. A ranar ya kira dillali, ya ce ya zo Asabar da yamma ya ja kwalekwalen. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don duk mun san in kwalekwalen ya tafi, Orval ya shige ɗaki ke nan.

Asabar da safe Nadine ta ce masa, "Tashi ka raka ni. Ko bankwana ai ka yi wa ruwan."

Ina kusa da su a nawa kwalekwalen, don haka ba labari aka ba ni ba. Ruwa garau, ana hango duwatsun ƙasa, irin ranar da manyan koto sai dai su kori kifi. Nadine ta jefa rabin tanarta kusa da wani itace da ya nutse, ta miƙa masa sandar.

"Ni da kayan wasan yara?"

"Riƙe min kawai, gahawa zan zuba."

"To me zan yi da ita?"

"Kada ka yi komai. Abin da ka kasa koya ke nan tun aurenmu."

Tanar ta sauka ƙasa. Hannun Orval na rawa, rawar na bin zaren, sai ga 'yar robar nan tana motsi kamar mai rai. Can zaren ya fara tafiya gefe a hankali, alamar kifi ya ɗauka.

Orval ya yunƙura zai yi fizgarsa ta da, hannu ya ƙi. Ɗan ɗagawa kawai ya iya. Da Orval ɗin bara ne, da tuni zaren ya tsinke. Sanda ta lanƙwashe, abin naɗin zare ya hau kuka.

"Zai tsinke, Nadine."

"Bar shi ya gudu, tsoho. In ya gaji zai dawo."

Kifi ya ja, Orval ya sakar masa. Ya lafa, Orval ya naɗe da hagu. Haka suka yi ta yi har ya taso.

Tun ina yaro nake kan tafkin nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Baya kore shar, ciki fari tas, bakin zai haɗiye dunƙulen hannun ƙato. Na cire hula ban sani ba.

Nadine ta kama leɓensa na ƙasa, ta ɗora shi a cinyar mijinta. Orval ya dubi kifin, ya dubi siririn zaren, sannan ya daɗe yana kallon hannunsa. Hawaye na zuba ya mayar da kifin ruwa, kamar yadda muke yi wa manyan kifaye.

"Kira dillalin nan," ya ce. "Ya zo ya kwashe akwatunan da sandunan. Kwalekwale yana nan." Ya share ido. "Ɗaya rabin tanar fa?"

Ta ciro shi daga aljihun rigarta, ta sa masa a hannun dama.

Darasi: Ba kowane abu ake samu da ƙarfi da tarin kaya ba. Kada ka raina mai tafiya a hankali, kuma in ƙarfinka ya ragu kada ka ce taka ta ƙare. Ku tura wa duk wanda ya fara fid da rai da kansa.